Khalilu Yana Bakin Aiki

Ranar sadakar uku, bayan 'yan gaisuwa sun ragu, Abdulmumini ya yi sallama a ƙofar ɗakin Aina'u, matar ƙaninsa Khalilu da aka binne shekaranjiya. Bai shiga ba. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya yi wa mamacin doguwar addu'a, sannan ya ce ta miƙo masa wayar Khalilu da katinsa na cirar kuɗi.

"Akwai abubuwan da za a gyara a ofis," in ji shi.

Ta turo su ta ƙarƙashin labule. Khalilu direban tarakta ne a sashen noma na ƙaramar hukumarsu. Abdulmumini kuwa a sashen kuɗi yake, shi ne ma ya samo wa ƙanin nasa aikin. Idan ya ce akwai abin gyara a ofis, babu mai yi masa tambaya a gidan.

"Sai magana ta biyu," ya ce yana rage murya. "Ba za mu kai rahoton rasuwar nan ba tukuna."

"Yaya, ai kowa ya sani. Har shugaban sashensu an ce ya zo jana'iza."

"Sanin mutane daban, sanin gwamnati daban. Ki saurare ni da kyau. Yau in na kai takarda, gobe a tsayar da albashi. Haƙƙin mamaci kuwa, akwai waɗanda suka rasu tun ciyaman na can baya, har yau iyalansu zarya suke yi. In muka yi shiru, kuɗi zai riƙa shigowa duk wata, yaran nan su ci abinci. Marayun nan nake dubawa, ba kaina ba."

Aina'u ta juya ta kalli yaranta, Jamil da Nana Maryam, suna cin ragowar masar sadaka a kan tabarma.

"Amma Yaya, ya halatta?"

"Ki ɗauke shi a matsayin haƙƙinsa ne muke karɓa da kaɗan-kaɗan. Gwamnati ma sauƙi muka yi mata."

Ta ce to. Kafin ya tashi ya ƙara da cewa a daina cewa marigayi a gidan, domin baki yana sabawa, wata rana sai a faɗa a inda bai dace ba. Idan wani baƙo ya tambaya, a ce Khalilu yana bakin aiki.

Watan farko ya aiko da gero da manja da sabulu da kuɗin cefane. Aina'u ta yi masa addu'a har da hawaye. Wata na biyu manja bai zo ba. Ya yi mata bayani cewa ba shi kaɗai ke rufe ido ba. Akwai shugaban sashen noma da ke sa hannu cewa Khalilu ya zo aiki, akwai mai haɗa albashi, akwai odita mai binciken kuɗi, kuma duk masu iyali ne. Wata na uku geron ya koma rabi. Ranar da ta fita daga takaba, abin da ya iso ɗakinta sabulu ne guda biyu da saƙon cewa ta ƙara haƙuri, ƙasar ce gaba ɗaya a matse.

Da hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ta same shi a zaure a kan maganar gonar Khalilu, wadda ke bakin hanyar rafi, mai jar ƙasa da gyaɗa ke so. Ta ce ko za a kira malamai su raba gado, yaran su san nasu, ta samu mai noma musu.

Abdulmumini ya aje kofin shayinsa.

"Gadon wa za a raba?"

Ya kalle ta, ya ci gaba.

"Kin ga matsalar. Malami zai rubuta, shaidu su sa hannu, takarda ta ce wane ya rasu ranar kaza. Gobe ta faɗa hannun maƙiyi. Ana raba gadon mai karɓar albashi ne? Ki bar gonar a hannuna, zan noma musu."

Ya kuwa noma. Gyaɗa ta yi kyau a shekarar. Aina'u ta ga shigowar buhunan a amalanke, ta kuma ga fitarsu a akori-kura zuwa kasuwar Dawanau. An ba ta harawa ta ba akuyarta. Bayan sati biyu ta aika da akuyar kasuwar Ɗanbatta aka sayar, saboda tukunya ta kwana biyu ba ta hau wuta ba.

A cikin kaka aka yi shela cewa ƙaramar hukuma za ta raba tallafi ga matan da mazansu suka rasu: keken ɗinki, ko awaki biyu, ko injin markaɗe. Aina'u ba ta gaya wa kowa ba. Ta ari hijabi mai ɗan kyau, ta hau babur zuwa sakateriya, ta bi layi tun hantsi har aka kira azahar. Da ta isa gaban teburin, jami'ar sashen mata, Hajiya Rahmatu, ta tambayi sunan mijin da aikinsa. Ta dudduba kwamfuta, ta zare tabarau.

"Khalilu Abdulkabir, direban tarakta?"

"Shi ne, Hajiya."

"Mijinki yana bakin aiki. Watan jiya ma aka ƙara masa girma."

"Hajiya, da hannuna na rufe masa ido."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta," in ji Hajiya Rahmatu, ta shafa addu'ar har fuska. "Amma a nan yana da rai. Matan ma'aikata kuma ba sa cikin tsarin nan. Ki ji tsoron Allah, ki bar wa waɗanda aka yi dominsu. Ta gaba."

Aina'u ta fito ta tsaya a inuwar darbejiya. A can bayan ofishin noma ta hango taraktar, an ɗora ta a kan duwatsu, babu taya ko ɗaya, kaji suna kiwo a ƙarƙashinta. Kuɗin komawa bai kai ba, sai ta taka rabin hanya da ƙafa.

Da yamma ta kai ƙara wurin surukarta, Inna Zuliha, wadda ke zaune a kan buzu tana jan carbi. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe. Ba ta kiran sunan Abdulmumini, ɗan fari ne.

"Yayanku yana ƙoƙari," ta ce. "Gidan nan kaf a wuyansa yake. Maganin ƙafata shi ne, kuɗin makarantar 'ya'yansa shi ne, ga auren Ɗan'auta ya taso."

"Inna, yaran nan jiya da rogo suka kwana."

"Rogo abinci ne. Mu da muka ga yunwar da ta fi wannan ba mu je ofis mun tona asirin gida ba. Wa ya aike ki ma? Da an gane fa? So kike a ɗaure mini shi, in rasa biyu?"

Aina'u ta ba da haƙuri ta tashi.

Da rani ya shigo ta bi matan unguwa zuwa gonakin Watari, tsinkar tumatir da cirar albasa. Motar ɗaukar kaya ke kwasarsu da sassafe, a tsaye, ta dawo da su da almuru. Sanyin fadama ya shiga ƙirjinta, tari ya kama ta ya ƙi saki. Zanen da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma sai ta naɗa shi ta sake naɗawa. Ta sayar da samirunta na aure ɗaya bayan ɗaya, sannan gadon ƙarfe. A wannan ranin ne Abdulmumini ya sauya kwanon rufin sashensa, ya buɗe shagon cirar kuɗi a bakin tasha, ya kuma sayi wata tsohuwar mota da sai an tura take tashi. Mutanen gari suka ce Allah ya yi masa buɗi saboda riƙon marayu.

Wata Laraba zazzaɓi ya kayar da Nana Maryam, jikinta kamar garwashi, tana surutai. A asibitin sha-ka-tafi na garin babu magani, sai takarda aka rubuta mata zuwa kemis. Aina'u ta tare Abdulmumini yana goge gilashin motarsa.

"Wallahi da kin zo jiya," ya ce. "Ba a yi albashi ba har yanzu. Kowa a sakateriya kuka yake."

Bai rufe baki ba wata waya ta yi ƙara a aljihun rigarsa. Aina'u ta san ƙarar. Khalilu ne ya zaɓe ta da kansa, kuma duk ƙarshen wata idan ta yi, sai ya ɗaga wayar sama yana dariya ya ce yau akwai nama. Abdulmumini ya dafe aljihun kamar mai kashe sauro.

"Kamfanin waya ne, da tallansu," in ji shi. Ya lalubo 'yan canji ya miƙa mata, ya ce ta haɗa da sabara da ganyen darbejiya, maganin Bature ba shi da tabbas. Maƙwabciyarta ce ta biya kuɗin maganin.

Shekara ta biyu tana tsakiya aka yi sabon ciyaman. A jawabinsa na farko a rediyo ya rantse zai tsaftace baitulmali, zai zaƙulo ma'aikatan bogi, kowane kwabo na talaka sai an san inda ya shiga. Aka kafa kwamitin tantancewa. Aka ce kowane ma'aikaci ya bayyana da kansa, da katin shaidarsa, ya dangwala yatsa.

Ana gobe za a tantance sashen noma, Abdulmumini ya sake tsugunawa a ƙofar ɗakinta. Wannan karon babu addu'a. Ya ce ta fito da katin aikin Khalilu, da shuɗiyar shaddarsa, da hular da ya ɗauki hoton katin da ita. Ɗan'auta, ƙaramin ƙaninsu, ya yi kama da Khalilu sosai, musamman in ya tara gemu, kuma ya tara.

"Yaya, kayan nan su kaɗai suka rage mini."

"Aro ne. Kafin la'asar an dawo miki da su. In ba a yi haka ba, albashin marayun nan ya tafi ke nan."

Ta buɗe akwati. Rigar tana ƙasa, a ninke, har yanzu da ɗan ƙamshin turarensa da warin man dizal da wanki bai taɓa fitarwa duka ba. Ta miƙa ba tare da ta ɗago kai ba.

Da safe tana tsakar gida tana wanke-wanke, Ɗan'auta ya fito daga ɗakinsa cikin shuɗiyar shadda, ya karkata hular gefen dama, ya nufi zaure. Nana Maryam tana zaune a bakin murhu da kofin koko. Ta ga bayansa. Ta saki kofin, ta kwasa da gudu, ta rungume ƙafarsa tana ihu, "Baba! Umma, ga Baba ya dawo!"

Ɗan'auta ya tsaya cak. Bai juyo ba. Abdulmumini ne ya leƙo daga zaure ya ce a ɗauke yarinyar nan, suna makara. Sai da aka ɓamɓare yatsunta daga rigar.

Aina'u ta rarrashe ta har ta yi shiru. Sannan ta ɗauraye hannunta, ta sa hijabi, ta miƙa yarinyar ga maƙwabciya, ta fita.

An jera teburan kwamiti a farfajiyar sakateriya, ƙarƙashin rumfa, da lemo da ruwan roba a gaban kowa. Shugaban kwamitin Alhaji Muhammadu Sani ne, tsohon ma'aikaci mai furfura da kowa ke gani da mutunci. Aina'u ta san shi. Ya zo mata gaisuwa har ƙofar ɗaki, kuma an ce yana cikin waɗanda suka kama makara. Na'urar ɗaukar yatsa tana gefe an lulluɓe ta da hankici, wai babu sabis tun safe, don haka aka koma duba fuska da kati. Wani ɗan jarida daga gidan rediyo yana tsaye da rikodarsa, ciyaman ne ya gayyato shi ya shaida yadda ake aiki a fili.

"Khalilu Abdulkabir!"

"Na'am," in ji Ɗan'auta.

Alhaji Muhammadu Sani ya dubi katin, ya dubi fuskar, ya yi murmushi.

"Malam Khalilu, kwana biyu. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya tarakta?"

"Tana nan lafiya."

Alhaji ya ɗauki biro. A nan Aina'u ta ratso layin maza, ta tsaya a gaban teburin. Tari ya fara sarƙe ta, ta jira ya lafa. Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunan mijinta a gaban mutane ba.

"Ranka ya daɗe, wannan ba Khalilu ba ne. Khalilu ya rasu. Wannan ƙaninsa ne, rigar ce kawai tasa. Kai ma ka sani, ka zo mini gaisuwa."

Ɗan jaridar ya matso da rikodarsa. Ɗan'auta ya cire hular ya riƙe a hannu, kansa a ƙasa. Abdulmumini, wanda ke zaune a gefe da tarin fayil, ya shiga neman wani abu a ciki da himma.

Alhaji Muhammadu Sani ya gyara murya.

"Baiwar Allah, wannan kwamiti na tantance ma'aikata ne, ba na sauraron matansu ba. Kina da takardar shaidar rasuwa?"

"Ba ni da ita. An hana a karɓa."

"To kin gani. Mu da takarda muke aiki." Ya dubi ɗan jaridar, ya dubi rikodar, ya aje biron. "Duk da haka, kwamiti ya ji ƙorafinki. Za a bincika, ba sani ba sabo. A ba ta ruwa."

Aka ba ta ruwan roba guda, wani ɗan sanda ya raka ta har bakin ƙofa cikin ladabi.

An bincika. Bayan wata guda ciyaman ya karanta sakamakon a rediyo. Kwamiti bai samu mamaci ko ɗaya a cikin masu karɓar albashi ba, wanda ya nuna tsaftar tsarin. Sai dai ya gano wasu ma'aikata da suka yi watsi da aikinsu suna cin kuɗin talakawa a banza, har wani ya turo ƙaninsa ya tsaya masa. An kore su nan take. Sunan Khalilu Abdulkabir ne na farko. Korarre kuwa ba shi da garatuti, ba shi da fansho, iyalinsa ba su bin hukuma komai. Ciyaman ya yaba wa wani jami'in sashen kuɗi da ya ba kwamiti haɗin kai, bai rufa wa ɗan'uwansa na jini asiri ba. Aka sa Abdulmumini a kwamitin dindindin na sa ido kan kashe kuɗi.

Duk watan duniya, tsawon wannan lokaci, sai da mutum wajen shida suka sa hannu kafin albashin Khalilu ya fita. Wanda ya ce ya zo aiki, wanda ya ce ya cancanci ƙarin girma, wanda ya lissafa, wanda ya duba lissafin, wanda ya duba mai dubawa. Mafi yawansu sun tsaya a sahun sallar gawarsa. Babu wanda aka tambaya ko da kalma ɗaya. An samu mai laifi wanda ba zai yi musu ba, kuma hukuma ba ta taɓa samun mai sauƙin hukuntawa kamarsa ba.

A gida, Inna Zuliha ta kira Aina'u, ta yi kuka sosai.

"Yaron nan ya yi aikinsa da mutunci, bai taɓa samun ko takardar gargaɗi ba. Sai da ya kwanta dama kika sa aka kore shi, aka kira sunansa a rediyo. Me ya yi miki?"



Abdulmumini bai ɗaga murya ba. Ya ce ya yafe mata, domin mace ce, kuma zafin rashi ne. Sai dai tunda ta toshe hanyar abincin marayu da hannunta, shi ba shi da ƙarfin ci gaba da riƙon mutum uku. Ga shi kuma ana buƙatar ɗakin, amaryar Ɗan'auta za ta tare bayan salla. Yara nasu ne, in ji shi, a shari'a da al'ada, amma saboda tausayi ya bar mata su ta tafi da su. Maganar gona kuma a dakata, sai ƙura ta lafa.

Ɗan'auta ya aiko da rigar a cikin leda, an wanke, an goge. Bai iya kawowa da kansa ba.

Ranar da za ta koma gidan yayarta, kayanta duka sun shiga buhu biyu da bokiti. Tana zaune a ƙofar gida da yaran suna jiran mai amalanke, sai ga wani mutum a kan babur, da jaka a rataye. Masinja ne daga sakateriya, sabon ɗauka, daga ganin yadda ya goge takalminsa. Ya yi sallama, ya tambaya ko nan ne gidan su Malam Khalilu Abdulkabir.

"Nan ne."

"Sammaci ne daga kwamitin ladabtarwa. Ana nemansa ranar Litinin ya zo ya yi bayanin yadda zai mayar da albashin da ya ci bai yi aiki ba. In bai zo ba, za a bi ta kan kadararsa."

Ta miƙa hannu.

"Yi haƙuri, Hajiya," in ji masinjan. "An ce hannu da hannu. Sai ya sa hannu da kansa cewa ya karɓa. Yana ciki?"

"Ba ya ciki."

"Ina zan same shi? An ce kada in dawo da ita."

Aina'u ta yi tari, ta goge bakinta da gefen hijabi, ta nuna masa da hannu.

"Ka miƙe hanyar nan har filin Idi. Ka bar shi a damanka. Za ka ga katanga da ƙaramar ƙofa ta langa-langa, ba a kullewa. In ka shiga, ka bi gefen gabas, kusa da wata aduwa. Yana nan, ba ya zuwa ko'ina."

Masinjan ya maimaita kwatancen don kada ya manta, ya yi godiya, ya tashi babur ɗinsa ya tafi.